Tashin matattu da begen Kirista bayan mutuwa: tambayoyi da amsoshi

Salama gare ku 'yan'uwa. Tambayoyin nan ba ni na ƙirƙiro su ba, a bakin mutanenmu na tsince su, wasu a ajin baftisma, wasu a gindin darbejiya bayan an tashi daga sujada, amma mafi yawansu a zaman makoki ne, lokacin da baƙi sun ɗan ragu sai wani ya matso ya rage murya ya ce malam ina da tambaya. Daga ƙauyukanmu na wajen Sumaila da Rogo da Tudun Wada har zuwa su Roni can Jigawa, kusan tambayoyin iri ɗaya ne. Na sa wuraren karatu a ciki don kowa ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya duba da idonsa, kada ya tsaya ga faɗata kawai.

Wai in Kirista ya ce tashin matattu, ruhu ne zai tashi ko jikin nan?

Jikin nan ne. Da yawa cikinmu muna zaton maganar ta ƙare a kan cewa rai zai fita ya tafi sama shi ke nan, jiki kuma ƙasa ta ci rabonta. To ba nan ta tsaya ba. Duk cocin da ake karanta Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, a ƙarshenta ana cewa mun gaskata da tashin jiki da rai na har abada, jiki fa aka ce. Yesu da bakinsa ya faɗa a Yahaya 5:28-29 cewa lokaci na zuwa da duk waɗanda suke cikin kaburbura za su ji muryarsa su fito, wasu zuwa rai wasu zuwa hukunci. Kuma ba sabuwar magana ba ce, annabi Daniyel ya riga ya faɗe ta a sura 12 aya 2, Ishaya ma a 26:19. Allah ne ya yi jikin mutum ya ce yana da kyau, ba zai bar wa mutuwa shi ya zama nata har abada ba.

Jikin da gara ta cinye, ko wanda ruwa ya tafi da shi ba a ga gawa ba, ta yaya zai tashi?

Manzo Bulus ya kawo wannan tambayar a wasiƙarsa ga mutanen Koranti tun da can, kuma amsar da ya ba su ta manomi ce, tana 1 Korantiyawa 15:35-44. Ya ce abin da ka shuka ba ya tsiro sai ya mutu tukuna, kuma abin da kake shukawa ƙwaya ce tsirara, ba tsiron da zai fito ba. Mu ai mun san wannan fiye da mutanen birni. Ka ga wanda ya yi binne, ya zuba geronsa a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya rufe da diddige ya koma gida, wanda bai san noma ba zai ce barnar iri aka yi. Ruwan fari na sauka sai ka ga gona ta yi kore shar, in ka tona gindin ma ba za ka samu ƙwayar yadda ka sa ta ba, ta ruɓe, amma abin da ya fito geron nan ne dai, bai zama dawa ba bai zama wake ba. Haka Bulus ya ce: ana shuka jiki da ruɓa a tashe shi da rashin ruɓa, ana shuka shi da rauni a tashe shi da ƙarfi. Kai ne dai, ba wani ba, amma ba ciwon baya ba hawan jini ba makanta.

Wanda kogi ya ci kuwa, ko wanda gobara ta ƙone, ko wanda ya tafi ci-rani kudu aka binne shi inda ba wanda ya san kabarin, Wahayin Yahaya 20:13 ya ce har teku za ta ba da matattun da ke cikinta. Wanda ya yi Adamu daga turɓaya tun ba komai, tattaro wanda ya riga ya yi ba zai gagare shi ba. Don haka uwar da ba ta ga gawar ɗanta ba kada a ƙara mata wani nauyin da cewa wai bai samu sutura ba don haka bai huta ba.

Me ya sa kullum in ana maganar nan sai an koma kan tashin Yesu? Mece ce shaidar cewa ya tashi?

Domin a kansa komai ya rataya. Bulus bai ɓoye ba, ya ce in Almasihu bai tashi ba wa'azinmu banza ne, bangaskiyarku ma banza ce, har ya ce mun fi kowa zama abin tausayi (1 Korantiyawa 15:14-19). Wato mu ba wai muna lallashin kanmu ba ne don mutuwa ta yi mana ɗaci, muna cewa wani abu ya faru a Urushalima a zamanin gwamna Bilatus, kuma a kan abin nan muka tsaya.

Shaidar kuwa ga ta. An gicciye shi ranar Jumma'a, Yusufu mutumin Arimatiya ya roƙi gawar ya sa a sabon kabarinsa da aka sassaƙa a dutse, aka mirgina babban dutse a baki, aka sa masu gadi. Lahadi da asuba mata suka je da kayan ƙanshi, su Maryamu Magadaliya, suka tarar kabari ba kowa. Ku lura da wannan, a zamanin nan ba a ɗaukar shaidar mace da nauyi a gaban shari'a, in da labarin shiryawa aka yi ba wanda zai sa mata a sahun gaba, amma duk Linjila huɗu mata suka ambata. Almajiran su kansu ba su yarda ba da farko, Luka ya ce sun ɗauki maganar matan tatsuniya ce. Toma ya kafe ya ce sai ya sa yatsa a gurbin ƙusa. Da Yesu ya bayyana musu suka firgita suna zaton fatalwa ce, sai ya ce ku taɓa ni, fatalwa ba ta da nama da ƙashi, ya ce akwai abinci, suka miƙa masa gasasshen kifi ya ci suna kallo (Luka 24:36-43). Kwana 40 yana bayyana gare su. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa shekara ashirin da 'yan kai bayan abin, ya ce mutum fiye da 500 sun gan shi a lokaci guda kuma yawancinsu suna nan da rai, kamar dai ya ce wanda yake shakka ya je ya tambaye su.

Abin da ya fi kama ni ni kam shi ne yadda mutanen suka sāke. Bitrus da ya yi musun Yesu sau uku har a gaban 'yar aikin gida, shi ne ya miƙe ranar idin Fentikos, sati bakwai bayan tashin, a tsakiyar birnin da aka kashe Ubangijinsa yana shela. Yaƙub ɗan'uwan Yahaya, Hirudus ya sa aka kashe shi da takobi. Bulus kansa da farautar masu bi ya fara. Mutum yana iya mutuwa a kan abin da aka gaya masa ya yarda, amma da wuya ya ba da wuyansa a kan ƙaryar da shi ya ƙulla ta da hannunsa.

Daga Jumma'a zuwa Lahadi ai kwana biyu ne, ina kwana ukun?

A ƙirgenmu na Hausa da muke lissafa dare, gaskiya ne dare biyu ne. Amma Yahudawa ranarsu daga faɗuwar rana take farawa, kuma ko ɗan yankin yini ne suna ƙirga shi rana guda. Jumma'a ɗaya, Asabar biyu, Lahadi uku, shi ya sa mafi yawan ayoyin suke cewa a rana ta uku. Duba Esta 4:16, ta ce a yi azumi kwana uku dare da rana, amma a 5:1 a rana ta ukun ta shiga wurin sarki. Yadda suke magana ke nan.

To kafin ranar tashin, yanzu haka mamacinmu yana ina?

Wanda ya mutu cikin Almasihu yana wurin Almasihu. Yesu ya ce wa ɓarawon da aka gicciye kusa da shi yau za ka kasance tare da ni a Firdausi (Luka 23:43), yau ya ce, bai ce sai bayan arba'in ba. Bulus ya ce rabuwa da jiki zama ne tare da Ubangiji (2 Korantiyawa 5:8), kuma daga kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya tafi ya zauna da Almasihu ya fi masa kyau nesa ba kusa ba. In ka ji Littafi yana cewa sun yi barci, jikin ake nufi, yana kwance yana jiran a tashe shi. Wato mataki biyu ne, yanzu hutu a wurin Ubangiji, ranar zuwansa kuma a haɗa rai da sabon jiki.

An ce mini Kirista ba ya kuka a mutuwa, wai rashin bangaskiya ne. Haka ne?

A'a, ba haka ba ne, kuma wannan maganar tana ci mini rai sosai domin na ga barnar da take yi. Na taɓa zama a wani makoki, yarinya ce ƙarama mijinta ya rasu a hatsarin babur ranar kasuwa, ga goyo a bayanta, tana zaune a bakin ɗaki ta riƙe hularsa da aka kawo mata daga wurin hatsarin tana ta murza ta a hannu, hawaye na zuba ba sauti. Sai wata cikin manyan mata ta zo ta tsaya a kanta ta ce ke share hawayen nan, so kike maƙwabta su ce ba mu da bege? Yarinyar ta haɗiye kukan, ta sa gefen zane ta goge fuska, aka ɗauki waƙa. Niyyar Mama mai kyau ce na sani, amma ba abin da Littafi ya koyar ba ke nan.

Ku je Yahaya sura 11. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari a Betanya, Yesu ya iso ya san sarai cewa nan da ɗan lokaci zai kira shi ya fito, ya riga ya gaya wa Marta 'yar'uwar mamacin ni ne tashin matattu ni ne kuma rai, amma da ya ga ɗaya 'yar'uwar, Maryamu, tana kuka shi ma ya yi hawaye, har mutanen wurin suka ce dubi irin ƙaunar da yake masa. Da aka jejjefe Istifanas, masu tsoron Allah ne suka binne shi kuma suka yi makoki mai zafi (Ayyukan Manzanni 8:2). Abin da 1 Tasalonikawa 4:13 ta hana shi ne baƙin ciki irin na marasa bege, ba baƙin cikin gaba ɗaya ba. Mutuwa abokiyar gaba ce, haka Bulus ya kira ta, abokiyar gaba ta ƙarshe da za a hallaka. Ba a yi wa abokin gaba murmushin dole. Ki yi kukanki 'yar'uwa, ki yi waƙar in kin iya, in ba ki iya ba mu za mu yi a madadinki. Mu kuma masu zuwa gaisuwa, Romawa 12:15 ta ce ku yi kuka da masu kuka, ba ta ce ku yi musu wa'azin awa biyu ba. Sannu da rashi, Allah ya ta'azantar, ka zauna a tabarma shiru, sau da yawa ya wadatar.

Za mu gane juna a can? Matata za ta zama matata?

Ganewa kam za a gane. Almajirai sun gane Yesu bayan ya tashi, har tabon ƙusa na nan, Maryamu Magadaliya kuwa daga kiran sunanta ta gane muryarsa. A kan dutse ma, ranar da kamannin Yesu suka sāke, su Bitrus sun gane Musa da Iliya. Kuma ta'aziyyar da Bulus ya yi wa Tasalonikawa ita ce za a haɗa mu tare da waɗanda suka riga mu, in ba za a san juna ba ina ta'aziyyar take?

Aure kuma Yesu ya amsa shi kai tsaye, lokacin da Sadukiyawa, su da ba su yarda da tashin matattu ba, suka kawo masa labarin matar da ta auri 'yan'uwa bakwai ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a tashin matattu ba a aure ba a aurarwa (Matiyu 22:30). Na san wannan yana yi wa wasu zafi, musamman tsofaffin da suka yi shekara arba'in hamsin tare. Amma Baba, ba rage ƙauna za a yi ba, abin da za a cire shi ne kishi da gaba da tsoron rabuwa. Wannan ayar kuma ita ce 'yancin gwauruwa, in ta ga za ta sake aure ba ta ci amanar kowa ba, 1 Korantiyawa 7:39 ta ba ta dama.

Jaririna ya rasu ba a yi masa baftisma ba. Ya ɓata?

Inna, kwantar da hankalinki. Da jaririn Dawuda ya mutu, Dawuda ya ce ni zan tafi wurinsa, shi ba zai komo wurina ba (2 Sama'ila 12:23). Yesu ya tsawata wa almajiran da suke korar yara ya ce ku bar su su zo wurina, Mulkin Allah na irinsu ne (Markus 10:14). Wanda ya rungumi yara a duniya ba zai kore su a can ba. A damina zazzaɓin cizon sauro yana ɗauke mana yara da yawa, shi ya sa nake haɗa wannan amsar da roƙo, begen tashi ba dalilin sakaci ba ne, a kwana cikin gidan sauro, in jikin yaro ya yi zafi a kai shi asibiti tun da wuri kada a jira sai ya fara sanƙarewa.

Kakanninmu da suka mutu a al'adar gargajiya tun bishara ba ta iso ƙauyenmu ba fa?

Wannan tambayar kusan kowane gidanmu akwai ta, domin da yawanmu 'ya'ya da jikokin Maguzawa ne, kakanmu yana da tsafinsa a gindin tsamiya kuma mutumin kirki ne mai ciyar da baƙo. Abin da Littafi ya faɗa a fili shi ne ceto ta wurin Yesu ne (Yahaya 14:6), kuma duk wanda ya ji yau alhakin amsawa yana kansa. Ya kuma faɗa a fili cewa Allah yana shari'a gwargwadon hasken da mutum ya samu, duba Romawa 2:12-16 da Luka 12:47-48. Ibrahim ya tsaya gaban Allah ya ce ashe mai shari'ar dukan duniya ba zai yi adalci ba? Zai yi. Ba a ba fasto ko mai bishara ko ni kujerar alƙali ba, don haka duk wanda ya nuna kabarin kakanka ya yanke masa hukunci ya wuce gona da iri. Kakanka yana hannun wanda ya fi ka ƙaunarsa kuma ya san abin da ke zuciyarsa.

Ina yawan mafarkin mahaifina. Yana yawo ne? Kuma in an ce maye ne ya kama kurwar mamaci fa?

Mafarkin wanda ka rasa ba abin tsoro ba ne, zuciya ce take kewa. Mamaci ba ya yawo a bayan gida, ba ya neman a zuba masa fura ko a yanka masa kaza kafin ya kwanta, Ibraniyawa 9:27 ta ce sau ɗaya mutum yake mutuwa bayan haka sai shari'a. Zuwa wurin boka ko 'yan bori don a ji bakin mamaci kuwa an hana shi tun a Maimaitawar Shari'a 18:10-12.

Maganar maita ita ce nake so mu yi wa kanmu faɗa a kai. Yaro ya mutu da sanƙarau ko amai da gudawa, kafin a dawo daga maƙabarta an fara raɗe-raɗi, kuma kullum a kan wa yake faɗawa? Tsohuwar da ba ta da ɗa namiji, ko matar da aka auro daga wani gari, wadda ba mai tsaya mata. A daina cin abincinta, yara su riƙa gudunta, wani lokaci har a kore ta daga gidan da ta yi shekaru tana shara. Mu da muke tsayawa ran Lahadi muna cewa Yesu yana riƙe da mabuɗan mutuwa da Hades, wato mazaunin matattu (Wahayi 1:18), ta yaya ran Litinin za mu ce mabuɗin yana hannun Goggo? Ɗaya za mu zaɓa. Shaidar zur zunubi ce ko da a zaman makoki aka yi ta.

Ana yi wa mamaci addu'a? Sadakar uku da bakwai da arba'in fa?

A nan coci-coci sun bambanta, gara in faɗa yadda yake. 'Yan Katolika suna yi wa matattu addu'a da Mas, wato babbar sujadarsu, sun gaskata akwai tsarkakewa ga wasu masu bi kafin su shiga gaban Allah, suna kafa hujja da 2 Makabiyawa sura 12, kuma sun keɓe ranar 2 ga Nuwamba kowace shekara don tunawa da su. Su ECWA da HEKAN da Baftis ba sa yi, suna cewa aikin Almasihu a kan gicciye ya gama komai, don haka addu'ar jana'iza godiya ce ga Allah da roƙo domin waɗanda aka bari. Ni a wannan na biyun na tashi kuma a kansa nake. Amma dukanmu bakinmu ɗaya a kan tashin jiki da zuwan Ubangiji, kada a mai da makoki filin gardama. Taruwar dangi bayan kwana uku ko bakwai don a gaisa a yi addu'a a duba marayu ba laifi, muddin ba a ɗauka cewa tuwon da aka raba shi zai sayi wa mamaci wuri ba.

Maƙwabtanmu Musulmi ma sun yarda da tashin alƙiyama. Ina bambancin? Kuma ya halatta in je musu ta'aziyya?

Sun yarda ƙwarai, da tashin jiki da ranar hisabi da aljanna da wuta, imani da ranar lahira yana cikin shika-shikan imaninsu, kuma suna girmama Annabi Isa suna sa ran dawowarsa. Inda muka rabu shi ne gicciye. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i aya ta 157 ya ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. Mu kuwa mutuwarsa da tashinsa su ne tushen begenmu, muna cewa ya ɗauki hukuncinmu, tashinsa kuma shi ne nunan fari na waɗanda suka yi barci. Bambancin babba ne, ɓoye shi ba girmamawa ba ce, amma ana iya faɗarsa ba zagi ba gori.

Ta'aziyya kuwa je ka mana. A ƙauyukanmu rijiya ɗaya muke sha, wani gidan ma wa Musulmi ne ƙane Kirista. In an yi musu rashi ka je ka zauna, ka taya haƙar kabari in an ba ka dama, matarka ta kai ruwa da itace, ka ce Allah ya ba da haƙuri. Su ma suna zuwa namu. Kuma akwai abin da ya kamata mu duba a wurinsu, yadda suke sallamar mamaci da wuri ba tare da an tsiyata gida ba.

Dole ne sai da akwati mai tsada, da ajiye gawa a mutuware, da anko?

Ba dole ba ne ko kaɗan, babu ayar da ta ce haka. Yesu kansa da likkafanin lilin aka naɗe shi aka sa shi a kabari a ranar da ya mutu kafin rana ta faɗi. Iyayenmu a da in mutum ya cika da safe kafin la'asar an rufe shi, a yi waƙa a karanta Kalma a koma gida. Yanzu mun fara kwaikwayon abin da muke gani a birni, a ɗauki gawa a kai mutuware sati biyu ana biyan kuɗi kullum, a ɗinka anko, a buga kalanda da hoton mamaci, a yi hayar rumfa da kujeru da janareto, ƙarshenta a sayar da buhunan da aka ajiye don bazara ko a jinginar da gona. In jiran ɗa ne da yake nesa, kwana ɗaya biyu, wannan da dalili. Amma cin bashi don kada a ce mun kasa, wannan tsoron bakin mutane ne, kuma wanda yake cikin akwatin katako da wanda yake cikin tabarma murya ɗaya za su ji ranar nan.

Wasu suna cewa duk wannan koyarwar Turawa ce aka kawo mana.

Daga Urushalima ta fito, kuma ta shigo Afirka tun kafin ta kai Ingila. Ayyukan Manzanni sura 8 ta ba da labarin ma'ajin sarauniyar Habasha da Filibus ya yi wa baftisma, cocin Masar da na Habasha suna nan har yau. Gaskiya ne ta hannun mishan ta iso ƙasar Hausa. A 1893 samari uku na mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, kafin 1894 ta ƙare biyun farko ciwo ya kashe su a ƙasar nan. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, aikin da Dokta Miller na Zariya da abokan aikinsa Hausawa suka sha wahalarsa. A ƙasar Kano ta hanyar jinyar kutare aka fi samun ƙofa a shekarun 1930, irin su asibitin kutare na Yadakunya, sannan aka kafa ECWA a 1954. Ka yi tunanin mutumin da kuturta ta cinye masa yatsu, dangi sun guje shi, ya ji ana karanta masa da harshensa cewa za a tashe shi da jiki marar ruɓa. Ba sai an yi masa dogon bayani ba. Daga baya kuma 'yan ƙasa ne suka ɗauki bisharar a ƙafa da keke suka shiga da ita ƙauye-ƙauye.

Yaushe abin zai faru? Na ji wani a waya yana ba da rana.

Goge saƙon kawai, kada ka tura wa kowa. Yesu ya ce ranar nan da sa'ar nan ba wanda ya sani, ko mala'iku, sai Uba (Markus 13:32).

Me ya sa ranar Ista take canjawa kowace shekara?

Domin da wata ake lissafa ta, kamar Idin Ƙetarewa na Yahudawa wanda a lokacinsa aka gicciye Yesu. Tun bayan taron shugabannin ikkilisiya na Nikiya na shekara ta 325 aka daidaita a kan Lahadi, kuma ƙa'idar ita ce Lahadin farko bayan cikar wata da ya zo daga 21 ga Maris. Shi ya sa a kalandarmu ba ta wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato tsakiyar zafin bazara a wurinmu. Sujadar da muke yi kowace Lahadi ma asalinta tunawa da tashin ne.

Na gaskata duk wannan amma har yanzu ina tsoron mutuwa. Bangaskiyata ce ba ta cika ba?

Ɗan'uwa ba kai kaɗai ba ne. Yesu a Gatsemani ya ce ransa yana shan wahala har kamar ya mutu, ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon in mai yiwuwa ne. Jiki ba ya son rabuwa da rai, haka aka yi shi. Cetonka bai dogara ga ƙarfin zuciyarka ba, ya dogara ga wanda ka riƙe, Romawa 8:38-39 ta sa mutuwa a farkon jerin abubuwan da ba za su iya raba mu da ƙaunar Allah ba. In ka bincika kuma sau da yawa ba mutuwar kanta ake tsoro ba, abin da za a bari ne, yara ƙanana, bashin da ba a biya ba, ɗan'uwan da aka shekara ba a magana saboda iyakar gona. Waɗannan kuwa ana iya gyara su tun yau. Je ka ka shirya da shi. Ka tara iyalinka da dattawa biyu ka faɗi abin da ake binka da abin da kake bi, ka nuna gonar da ta zama ta matarka da 'ya'yanka mata, a rubuta a sa hannu.

Bayan an watse daga makoki, me ya rage a kanmu mu ikkilisiya?

A nan ne aikin yake farawa. Sati na farko gida cike yake, Zumuntar Mata suna dafa abinci, 'yan kwaya suna kwana waƙa. Bayan wata guda tsit, sai gwauruwa da 'ya'yanta, wani lokaci ma sai ga dangin miji sun zo ɗaukar shanun noma da babur da buhun taki, har da maganar wai a gaje ta ko tana so ko ba ta so. Yaƙub 1:27 ta ce addini mai tsarki shi ne a kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. Bulus ma da ya gama doguwar surar nan ta tashin matattu bai ce ku naɗe hannu ku jira ba, ya ce ku tsaya da ƙarfi kuna yawaita aikin Ubangiji, kuma yana shiga sura ta 16 sai maganar tara gudummawa domin mabukata.

Don haka dattawa su zauna da dangi tun ba a fara rabon kaya ba, Baba Fasto ya kasance a wurin, in abin ya ƙi a kai wa mai unguwa ko dagaci. A duba kuɗin makarantar yaran na zango mai zuwa. Matasa su sa ranar gayya a gonarta, noman fari da maimai duka, ba sau ɗaya don a ɗauki hoto ba. Mata biyu su ɗauki nauyin leƙa ta duk sati ko da ba abin da za su kai, kuma in Kirsimeti ta zo a tuna cewa wannan ce ta farko da za ta yi ba shi, a aika a ɗauko ta da yaran su ci abinci a gidan wani.